Fodkas: Yadda ake ɗora yaƙin Graf Spee a kan tebur

Auwal: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau Zainab ta zo da rigima, wai a wasanmu na kwaikwayon yaƙin jiragen ruwa a kan tebur mu bar yaƙin Jutland.

Zainab: Ba rigima ba ce, Malam Auwal. Jutland, 1916, jiragen yaƙi kusan 250 ne. Wane tebur zai ɗauke su? Kafin kowa ya gama auna tafiyar jiragensa da rula, dare ya raba.

Bashir: To me kika kawo mana?

Zainab: Karon bakin kogin Plate a Kudancin Amurka, 13 ga Disamba 1939. Jirage huɗu kacal. Graf Spee na Jamus shi kaɗai, sai Exeter da Ajax da Achilles na ɓangaren Birtaniya a ƙarƙashin kwamandansu Harwood.

Auwal: Ai wannan na taɓa shirya shi, kuma bai yi daɗi ba. Wanda ya riƙe Graf Spee ya tsaya can nesa, igwoginsa shida masu inci 11 sun fi na kowa dogon zango, ya yi ta jefa ɗan ludo har ya nutsar da Exeter, ya ce ya ci.

Zainab: Laifin sharaɗin cin wasan ne. Ka ce wanda ya fi nutsarwa shi ya yi nasara, ko?

Auwal: Haka na rubuta.

Zainab: Shi kuwa Kyaftin Langsdorff na Graf Spee ba abin da ke ransa ke nan ba. An turo shi farautar jiragen 'yan kasuwa ne, yana dubban mil daga gida, babu tashar da zai shiga a yi masa gyara hankali kwance, harsashin da ya harba kuma babu mai mayar masa. Don haka ni a takardata, duk raunin da Graf Spee ya samu maki ne ga Birtaniya, ko da bai nutse ba. Harsashi ma ƙirga shi nake.

Bashir: Shi ya sa Harwood ya raba jiragensa gida biyu, don ya raba wa Bajamushen hankali. Amma ni abin da ya fi damuna, ɗan wasa ya riga ya karanta tarihi. Ya san manyan jiragen Birtaniya Ark Royal da Renown ba sa kusa da Montebideyo, tashar Uruguay da Graf Spee ya fake bayan karon, jita-jita ce Turawan Ingila suka baza. Langsdorff bai sani ba, shi ya sa ya nutsar da jirginsa da kansa ran 17 ga wata.

Zainab: Don maganin wannan, ambulan uku nake rufewa. Ɗaya babu kowa a wajen tashar, ɗaya jirgin Birtaniya Cumberland ne kaɗai ya iso kamar yadda ya faru, ɗaya kuma manyan jiragen sun zo da gaske. Alƙalin wasa ya zari guda, ya ajiye bai buɗe ba.

Auwal: Kai! To ni wallahi zan fito in gwada sa'ata.

Bashir: Kai da ba ka da mutum dubu a cikin jirgin, ai dole ka faɗi haka.

Zainab: Asabar mai zuwa kai za ka riƙe Graf Spee, Malam Auwal. Bashir, kawo rular.