Maki ɗaya ya ɓata, shekara guda ta salwanta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar Juma'ar da ta wuce, a tashar motar Wudil, na zauna kusa da wani dattijo daga wani ƙauye a yankin Gaya. Zuwansa na huɗu ke nan yana raka 'yarsa jami'ar da ta gama. Makin darasi ɗaya na shekararta ta biyu aka nema aka rasa. Ta zauna jarrabawar, ta sa hannu a takardar halarta, amma malamin ya bar aiki, fayil kuwa babu wanda ya san inda ya shiga. Duk ofishin da suka leƙa amsar ɗaya ce: "Baba, a yi haƙuri, a dawo mako mai zuwa."

Mako mai zuwa! Mutumin nan riɗinsa ya sayar, ya haɗa da tumaki biyu, kafin yarinyar ta kai ƙarshe. Yanzu kuɗin mota ke cinye abin da ya rage.

Ku duba abin da maki ɗaya ke jawowa. In babu shi, sashe ba zai haɗa sakamako ba. In ba a haɗa ba, majalisar jami'a ba za ta amince ba. In ba ta amince ba, sunanta ba zai shiga jerin da ake tura wa hukumar hidimar ƙasa ta NYSC ba. Ƙawayenta sun tafi hidimar ƙasa, ita tana gida. Kuma doka ta ce wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala karatu, takardar yafewa kawai za a ba shi. Ɗan ƙauye, wanda dama bai shiga boko da wuri ba, shi wannan sakaci ya fi kassarawa.

Za a ce babu kuɗi, babu wuta, babu kwamfuta. Haba! Dillalin shanu a kara ta Wudil ya san wa ya karɓi me, wa ake bi nawa, da ɗan littafinsa a aljihu. Tun 2017 hukumar JAMB ke tafiyar da ɗaukar ɗalibai a manyan makarantun duk ƙasar nan ta intanet. Sai makin ɗalibi ɗaya ne zai gagari magatakarda?

Na yarda ma'aikatan rajista sun yi kaɗan, ɗalibai sun yi yawa. Amma ba ƙarancin ma'aikata ke sa a jibge takardun jarrabawa a ƙasa gara ta cinye ba. Rashin ɗaukar takarda a matsayin amana ne. Amana ce, wallahi, amana ce ta talaka.

Malami ya miƙa maki, a sa hannu, a ajiye kwafi a sashe, wani a rajista, wani a kwamfuta. Wanda zai bar aiki kada a sallame shi sai ya damƙa komai. In kuma maki ya ɓata, a tuhumi wanda ya karɓa, a daina sa yarinya da tsohon mahaifinta safa da marwa tsakanin Gaya da ƙofar ofis.