Me Ya Haɗa Masanin Al'adu da Fassarar Littafi Mai Tsarki?

A Luka sura 18, Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Bafarisiye, wato ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin dokokin addini, yana lissafa ayyukansa na kirki. Mai karɓar haraji kuwa ya tsaya can nesa, ko ɗaga ido bai yi ba, yana bugun ƙirjinsa.

To, ku faɗa wa Bahaushe cewa wane yana bugun ƙirji. Me zai ji? Tutiya da cika baki. Alhali a wurin Yahudawan wancan zamani, alamar nadama ce da ƙasƙantar da kai. Kowace kalma ta fito daidai, amma sai ga mai tuba ya koma mai fariya.

Irin wannan matsala ce ta sa masu fassara suka nemi ilimin nazarin al'adun ɗan Adam. Eugene Nida, masanin harshe ɗan Amurka da ya daɗe yana aiki da ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta ƙasarsa, ya fitar da littafi kan al'adu a 1954. Bayan shekara 10 ya shimfiɗa ra'ayinsa: abin da mai karatun farko ya fahimta, shi ya kamata mai karatun yau ya fahimta.

Ya kawo labarin Zanaki, wata ƙabila a Tanzaniya kusa da tafkin Victoria. A cewarsa, a can ɓarawo ne ke ƙwanƙwasa ƙofa, don ya ji ko akwai mutum a ciki. Mutumin kirki kira yake yi, kamar yadda muke sallama a zaure. Yaya ke nan za a yi da Wahayi 3:20, inda Almasihu yake tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa? Sai aka sa yana kira.

Aikin ba a ofis yake ƙarewa ba. Ana zuwa ƙauye, a karanta wa tsofaffi da matasa waɗanda ba su taɓa jin nassin ba, a tambaye su: wane irin mutum ne wannan? Me ya sa ya yi haka?

Amma fa akwai iyaka, kuma a ganina masu sukar Nida suna da hujja a nan. Mai fassara ba shi da ikon sauya abin da ya faru a tarihi. Yesu ya shiga Urushalima a kan jaki, ko da mutanen da ake yi wa fassarar ba su taɓa ganin jaki ba. A irin wannan wuri akan bar jakin yadda yake, a ƙara hoto ko ɗan bayani a ƙasan shafi.