Plenitude: kalmar Turanci mai nufin cika har baki

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kalma ɗaya tak za mu zauna a kanta, ita ce plenitude. Mutanen Ingila kan ce "plenityud", Amurkawa kuma "plenitud", duk wanda ka ɗauka daidai ne.

To me take nufi? Cika. Amma fa ba kowace irin cika ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa don suna ɗauka plenty ce kawai aka sa mata babbar riga. Ka duba rumbu bayan kaka, an yi ta jera damin gero ana dannawa har ya kawo baki, an zo da dami na ƙarshe an rasa inda za a cusa shi sai dai a jingine shi a gefe, to wannan halin da rumbun ke ciki shi ne plenitude. Rumbun da ya kai rabi ma ai akwai hatsi da yawa a ciki, amma da saura. Yawa daban, cika daban, ni kuma abin da ya sa nake son kalmar nan ke nan, tana ɗauke da ma'anar babu abin da ya rage.

Asalinta Latin ce, harshen Rumawan da. A wajensu plenus na nufin cikakke, daga nan suka samar da plenitudo. Ta biyo ta tsohon Faransanci ta shigo Turanci wajen ƙarni na 15, kun san tun da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci suka yi ta kwarara cikin Turanci, musamman na mulki da coci da kotu. Wutsiyar nan ta tude ita ce dai ta gratitude da magnitude, aikinta ta mai da siffa ta koma suna.

Kuma wallahi kun daɗe kuna jin danginta ba ku lura ba. In an ce a labarai Majalisar Dattawa ta koma plenary, ai zaman da ya haɗa dukkan sanatoci ake nufi, ba na kwamiti ba, wato cikakken zama. Jakada ana kiransa plenipotentiary, mai cikakken iko a madadin ƙasarsa. Replenish, a sake cika abin da ya ragu. Plenty ɗin ma da muke faɗa kullum daga plenus ta fito. Kai ko 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram in direba ya tsaya gidan mai ya ce a yi masa le plein, a cika tanki yake nufi, saiwar ɗaya ce.

A tarihi kuwa kalmar ta yi nauyi sosai. Cocin Katolika na da wata magana, plenitudo potestatis, cikar iko, wadda Fafaroma Innocent na 3, da ya yi mulki daga 1198 zuwa 1216, ya riƙe da ƙarfi don nuna cewa ikon cocin gaba ɗaya a hannunsa yake, sauran limamai kowa an sammasa ne.

Yanzu yaya ake amfani da ita? Hanya biyu. Ta farko a plenitude of, sai ka kawo abin, kamar a plenitude of evidence, hujjoji sun wadata har ba a neman ƙari. Ta biyu, wadda ta fi daɗi a kunnena, in the plenitude of his powers, mutum yana kan ganiyarsa, ƙarfi da basira duk sun cika masa. A rubutu za ka fi ganinta, muƙala, jawabi, littattafan addini da falsafa. In kana hira da abokinka a WhatsApp kan shinkafar biki, plenty ta wadatar.

Sai ku kula da rubutun don Allah. Wasu kan rubuta plentitude da ƙarin T a tsakiya saboda plenty ta zauna musu a baki. A jarrabawa ko takardar ofis ku cire T ɗin nan, P-L-E-N-I-T-U-D-E, harafi tara ne cif.