Me Ya Sa Damina Ke Riga Sauka a Toro Kafin Azare?

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi taswirar jihar Bauchi da kyau. A nan kudu ga Toro, Dass, Bogoro da Tafawa Ɓalewa, jingine da tsaunukan Jos. Can arewa kuma ga Azare, Gamawa da Zaki. Jiha ɗaya ce, amma manomin Toro kan gama noman fari alhali na Gamawa yana nan yana duban gabas.

Dalili shi ne iskoki biyu ke rabon shekararmu. Ɗaya busasshiya ce, daga hamadar Sahara take tasowa, ita ce mai kawo hunturu da hazo daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ɗayar kuwa daga tekun Atilantika take, ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Idan zafin bazara ya tsananta a Maris da Afrilu, sai iskar teku ta fara ture ta hamada, tana matsawa arewa sannu a hankali. Inda ta fara isa, nan ake fara samun ruwa. Shi ya sa kudancin jihar ke ganin ruwa tun Afrilu ko Mayu, ƙasar Katagum da ke arewa kuwa sai Yuni, wata shekarar ma har Yuli.

Wani zai ce, to ai mu daga gabas muke ganin hadari. Gaskiya ne. Danshin daga kudu yake zuwa, amma iskar da ke can sama ita ke kora gajimaren daga gabas zuwa yamma.

A lissafi, kudancin jihar kan samu kusan milimita 1,300 na ruwa a shekara, ƙarshen arewa kuwa wajen 700. Kusan rabi ke nan. Ba banza ba ake noma masara da acca a kudu, a arewa kuma gero da wake suka fi rinjaye. Gero ba ya wuce wata uku ya nuna, kuma yana jure ƙishi.

Inda gizo ke saƙa shi ne farkon damina. Iskar tekun nan ba tafiya ɗaya take yi ba. Takan matso, ta ja da baya, ta sake matsowa. Sai a yi ruwa mai ƙarfi dare ɗaya, gari ya fita shuka, daga nan sama ta yi tsit mako biyu ko uku. Iri ya tsiro, rana ta ƙone shi, a koma sayen wani. Mai binne ma bai tsira ba, don ɗan yayyafi ya isa ya tsirar da iri sannan ya bar shi. A ganina wannan ɗan farin na tsakiya ya fi yi wa ƙaramin manomi ɓarna a kai a kai fiye da babban fari irin na 1973 da 1984 da dattawa ke ba da labari. Saboda haka ne hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara ba ya tsayawa kan ranar saukar ruwa kaɗai, har da inda ake sa ran tsaikonsa.

Agusta ne marka, ko'ina ya jiƙe. A lokacin ne kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, kan cika ya malale gonakin fadama a arewa, ko da ba a yi wani ruwan kirki a wurin ba.

Da Satumba ta raba, iskar hamada ta fara dawowa, kuma arewa take fara kamawa. Wanda ya yi shuka ta biyu a makare a Gamawa, dawarsa na iya fitar da kai daidai lokacin da ruwa ya ɗauke.