Jawabin Maraba ga Mai Girma Babban Baƙonmu a Harabar Gidan Rediyonmu na AM

Mai Girma Babban Baƙonmu, ranka ya daɗe, 'yan tawaga masu daraja, iyayenmu dattawa, ma'aikatan wannan gida, tsofaffi da na yanzu, jama'ar da ke cikin rumfa da waɗanda suka kasa kunne daga gida, assalamu alaikum.

Barka da zuwa, sannu da hanya. Ayyukanka na alheri ba sai mun lissafa maka ba, ranka ya daɗe, domin a ɗakin nan da ke bayanka muka riƙa karanta wa jama'a su ɗaya bayan ɗaya. Zuwa da kai ya fi aike, mun gode. Mun san lokacinka a ƙididdige yake, shi ya sa kwamiti ya ja mini kunne kada in yi kwana-kwana: na'urarmu ta watsa shirye-shirye, tiransimita, ta tsufa, tana gab da mutuwa, sabuwa muke roƙo. Duk abin da zan faɗa bayan wannan, dalili ne nake kafawa.

Zangon da muke kai, wato AM, shi ne uban rediyo. A kansa tashar KDKA ta birnin Pittsburgh a Amurka ta karanta sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ranar 2 ga Nuwamba, 1920, a kansa kuma BBC ta soma magana a 1922. FM ƙaninsa ne, sai a 1933 Edwin Armstrong ya yi rajistar ƙirƙiro shi. Da ƙaramar rediyo mai batir ta shigo kasuwa a 1954, akwatin da a da sai gidan mai hali ya koma abin sawa a aljihu. Iyayenmu sun saya, sun kunna, amma duk muryar da ta fito daga manyan birane take. Idan aka yi sa'a aka ambaci garinmu, to wata masifa ce ta auku, kuma ko sunan ba a faɗa daidai. Wannan haushin ne ya gina gidan nan.

Ba wani attajiri ɗaya da zai bugi ƙirji ya ce shi ya kafa shi. Karo-karo aka yi. Wani ya ba da fili, wasu suka kawo kuɗi, mafi yawa ƙarfinsu suka kawo. Dubi ƙarfen can mai tsawo, ranka ya daɗe. Baƙi kan ɗauka turke ne da aka ɗaura eriya a kansa, alhali shi kansa ne eriyar, tun daga gindi har ƙoli. Tsawonsa ma lissafi ne, ana so ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon zango: tashar da ke kan kilohaz 1,000, wato zango mai tsawon mita 300, ƙarfe mai mita 75 take nema. Rabin aikin kuwa a binne yake. Ƙa'idar masana ita ce a shimfiɗa wayoyin jan ƙarfe 120 a ƙarƙashin ƙasa, su fita daga gindin ƙarfen ta kowace kusurwa. Da hannu iyayenmu suka haƙa waɗannan ramuka. Wasu daga cikin samarin wancan lokaci ga su nan a sahun gaba, da sanda suka zo yau.

Da rana muryarmu ƙasa take bi, ta haura tudu ta gangara kwari, ta fi nisa inda ƙasa ke da danshi. Da dare kuwa abin ya fi ban mamaki. Hasken rana na haifar da wani shinge a sararin samaniya mai shanye irin wannan zango. Rana na faɗuwa sai shingen ya watse, muryar ta haura sama, wani rufi da ke can ƙoli ya maido ta ƙasa a nisan ɗaruruwan kilomita. Muna da kwali cike da wasiƙun 'ya'yanmu da neman abinci ya kai nesa, waɗanda suka murɗa rediyo tsakar dare suka ji ana gaishe da iyayensu. Ta bakin gidan nan aka yi cigiyar yaran da suka ɓata aka same su, aka sanar da rasuwa dangi suka riski jana'iza, aka kira mata rigakafi. Shekarar da ruwa ya ci gari, wuta ta ɗauke, waya ta daina shiga, mu kaɗai muka rage muna faɗa wa mutane hanyar da za su bi.

Yanzu ga inda ke mana ciwo. Tiransimitarmu irin ta da ce, mai manyan bawul na gilashi da ke ɗaukar zafi kamar murhu, suna shan wuta ba kaɗan ba. Samun sabbinsu ya zama wahala, waɗanda muke da su kuma sun gaji. Injiniyanmu, Allah ya saka masa, ya rage mata ƙarfi don kada ta ƙone gaba ɗaya, yana lallaɓa ta kamar mai jinya. A daidai wannan lokaci gidaje suka cika da cajar waya da ƙwan fitila na zamani, waɗanda ke cusa ƙara cikin zangon AM. Murya ta yi rauni, hayaniya ta ƙaru. Ƙauyukan da suka fi kowa dogara da mu su muka fara rasawa, kuma mutanensu na tare mu a hanya suna tambaya ko mun rufe ne.

Mun sha jin mutanen birni na cewa zamanin AM ya wuce, ai Jamus da Faransa sun kashe manyan tashoshinsu na matsakaicin zango a ƙarshen 2015. Haka ne. Sai dai su sun kashe ne bayan wuta da intanet sun wadata a gidajensu. FM kuwa kusan iya ganin eriyarsa yake zuwa, dutse ɗaya ya isa ya tare shi. Ko a Amurka, da kamfanin Ford ya yi niyyar cire AM daga sabbin motocinsa, a 2023 ya janye, saboda ta nan ake isar da gargaɗi idan bala'i ya taso.

Ba mu so mu ɓata ranar farin ciki, amma dattawa sun ce a faɗa. Kafin kai an zo. An zagaya, an auna ɗakin tiransimita da tef, an ɗauki hoto da mu, an ce mu saurara. Har yau muna saurare, mu da aikinmu shi ne a saurare mu. Mun san kai ba ka cikin masu irin wannan alkawari, shi ya sa muka saki jiki muke magana.

Akwai wasu buƙatun, ba za mu ɓoye ba. Ɓarayi sun tone wani sashe na wayoyin jan ƙarfen nan sun sayar, filin na neman katanga. Kaset-kaset da faya-fayan da ke ɗauke da muryoyin magabatanmu suna ruɓewa a sito, ya kamata a kwashe su cikin kwamfuta tun ana iya jin su. Janareta ma sai a hankali. Duk waɗannan za mu iya sake yin karo-karo a kansu, ko da zai ɗauki shekaru. Tiransimita ce ta fi ƙarfinmu. Ta zamani ba ta da bawul, ba ta shan wuta kamar wannan, kuma ranar da aka kunna ta, a ranar ƙauyukan da muka rasa za su dawo.

Bayan wannan jawabi injiniya zai buɗe maka ɗakin tsohuwar tiransimitar, ranka ya daɗe. Muna roƙon ka shiga da kanka, ka tsaya kusa da ita ko na minti biyu ne, ka ji zafinta, ka ji irin kukan da take yi. Takardar da ke ɗauke da bayanin irin wadda muke buƙata tana hannun shugaban kwamiti, zai miƙa maka a bakin ƙofa.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya tare da tawagarka.

Kwamitin Tarbar Baƙi, a madadin ma'aikata da masu sauraro.