Daga Maudu'i Zuwa Tambaya: Matakin Da 'Yan Ajin Ƙarshe Ke Tsallakewa

[Hoto: yatsa yana gungura waya, saƙonnin ɗalibai suna wucewa]

Kwanakin nan roƙo ɗaya ne ke yawo a tsakanin ɗalibai: "Don Allah a taimaka min da maudu'in furojet." Wani ya turo dogon jeri, kowa ya tsinci nasa, a yi ta godiya. Ba a jimawa sai ka ga mai godiyar nan ya dawo, maudu'i yana hannu, amma ko sakin layi ɗaya ya gagara. To 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ku matso kusa, yau da ku muke.

Wasunku tun yanzu aikin ya same ku. Masu karatu a tsarin IB, wani tsarin karatun sakandare na ƙasa da ƙasa, ana buƙatar su rubuta dogon bincike da bai wuce kalma 4,000 ba. A Ingila akwai irin wannan aikin bincike da ake kira EPQ, mai kusan kalma 5,000. A Amurka masu ɗaukar darasin bincike na AP Research suna rubuta tsakanin 4,000 da 5,000. Wanda makarantarsa ba ta yin irin wannan kuwa kada ya yi murna da wuri, kundin digiri yana jiransa a jami'a.

[A allo: sassan kundi suna bayyana ɗaya bayan ɗaya]

Ga tsarin kundin nan kuna gani. Gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, sakamako, kammalawa, manazarta. Ba zan tsaya a kansu ba, kowace makaranta tana da takardar jagora, ku karɓa ku karanta. Inda ake maƙalewa yana can baya, tun kafin babi na ɗaya.

[A allo: "Illar waya ga matasa"]

Ku dubi wannan. Ɗalibi ya kawo shi yana murmushi, wai ya samu abin bincike. Gaskiya bai samu ba tukuna. Abin da ya samu fage ne, kuma fage mai faɗin gaske. Waɗanne matasa? Na wace ƙasa? Illa ga me, ido, barci, karatu ko tarbiyya? Sannan ku lura, kalmar farko ta riga ta yanke hukunci. Tun ba a tara hujja ko ɗaya ba an ce wayar illa ce. To me ya rage a bincika?

Abin da malami yake jira shi ne tambaya. Tambayar da kai kanka ba ka san amsarta ba a yau, amma kana da hanyar gano ta kafin ranar miƙa aiki. Bari mu matse wannan fagen a gabanku.

[A allo: ana goge kalmomi, ana maye gurbinsu]

"Matasa" ya zama "'yan ajin ƙarshe na makarantarmu". "Waya" ya zama "amfani da waya bayan ƙarfe goma na dare". "Illa" ta fita gaba ɗaya, muka sa abin da za a iya aunawa: awannin barci. Yanzu ku karanta: Wace alaƙa ce tsakanin amfani da waya bayan ƙarfe goma na dare da awannin barcin 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu a zangon farko?

Ta yi tsawo, na sani. Ba ta da daɗin faɗi kamar ta farko. Amma ku ga abin da ta yi muku kyauta. Ta faɗa muku wanda za ku yi wa tambayoyi. Ta faɗa muku abin da za ku ƙirga. Ta shata farfajiyar bincike, wato inda za ku tsaya. Idan kun shiga Google Scholar kuma, wato shafin neman takardun bincike a intanet, kun san abin da kuke nema: barcin matasa da amfani da waya da dare. Duk takardar da ke magana kan ciwon wuya ko zamba ta intanet, komai daɗinta, ku wuce ta. Wanda ba shi da tambaya shi ne zai sauke takardu fal kwamfuta, ya karanta shafin farko na kowace, ya tashi da ciwon kai.

Yadda za ku gwada tambayarku kuwa, ku karanta wa aboki. Idan ya ɗauko waya ya ba ku amsa nan take, ba tambayar bincike ba ce, tambayar jarrabawa ce. Idan kuma amsarta tana buƙatar ku zagaya ƙasashe uku, ku ajiye ta sai kun zama farfesa. Wadda ake so tana tsakiya: mutum biyu masu hankali za su iya saɓani a kanta, kuma hujjar raba gardamar tana inda hannunku zai kai.

Daga tambaya sai matsaya. Jimla ɗaya ce da ke cewa ga abin da na gano, ga dalili. Ana rubuta ta da fensir, domin sakamako yana iya ƙaryata zatonka, kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Ni a ganina kundin da ya ce "na zaci kaza, sai na tarar ba haka ba" ya fi burgewa. Sai dai a kula: idan ka ga masu daɗewa a waya sun fi ƙarancin barci, alaƙa ka gano. Ba ka tabbatar wayar ce sanadi ba. Ta yiwu rashin barcin ne ma yake sa su ɗauko wayar.

[Hoto: kalanda, ana zagaye ranaku da biro]

Saura maganar buri. A 1994 wasu masana halayyar ɗan Adam a Kanada, Roger Buehler da abokan aikinsa, sun tambayi ɗaliban da ke rubuta kundi yaushe za su gama. A matsakaici suka ce kwana 34. Sai da suka ci kusan kwana 56. Kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai suka gama a lokacin da suka ɗibar wa kansu. Kuma fa 'yan jami'a ne. Saboda haka duk yawan kwanakin da zuciyarka ta ce za ka gama a cikinsu, ka ƙara musu rabi.

"Zan dage a wannan zangon" ba buri ba ne, fata ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa mutane sun fi cika niyya idan suka ɗaure ta da lokaci da wuri. Ka ce: ranar Talata, da na dawo daga makaranta na huta, zan zauna a teburin nan in rubuta kalma 300 a kan hanyar tattara bayanai. Kalma 300 sau biyar a mako 1,500 ke nan. Kafin mako uku daftarin farko na kalma 4,000 ya kammala. Zai yi muni, kada wannan ya dame ka, daftarin farko na kowa haka yake. Gyara ake yi daga baya, amma farar takarda ba ta gyaruwa.

[Hoto: agogo yana ƙirga minti 25]

Mai saurin gajiya ya gwada dabarar Pomodoro: minti 25 na aiki, biyar na hutu, waya a wani ɗaki. E, a wani ɗaki na ce.

Manazarta, ku riƙa rubuta su tun ranar da kuka karanta. Manhajar Zotero kyauta ce, za ta adana muku. ChatGPT kuma yana iya ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara, alhali babu su a duniya, don haka duk abin da ba ku buɗe kun gani da idonku ba kada ya shiga kundinku. Kwafar maganar wani ba tare da ambatonsa ba satar fasaha ce, tana iya jawo a soke aikin baki ɗaya.

[A allo: takarda mai layi uku]

Aikin wannan makon: takarda ɗaya, layi uku. Tambayarka, inda za ka samo hujja, da ranar da za ka miƙa shafi biyu na farko. Ka kai wa malamin da ke duba aikinka ya sa hannu kafin ka taɓa babi na ɗaya.