Batirin jikka saba'in da kwamfutar Kawu ta mayar 4,464

Zaliha: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Yamai. Ni ce Zaliha, ga Malam Habu a damata, ga kuma ƙanenmu Mahamadu da ya shigo da idanu jajur. Mahamadu, lafiya dai?

Mahamadu: Lafiya lau, Yaya Zaliha. Dare uku na yi a kan kwamfutar kawuna. Yana da shagon kayan mota a wajen kasuwar Katako, kuma shekaru da dama yana lissafin kayansa da wata 'yar manhaja da wani yaron garinmu Tawa ya rubuta masa. Yaron ya tafi cin rani Abijan, lambarsa ta daina shiga. Ran Litinin Kawu ya saro batir na babbar mota, ya rubuta farashi sefa 70,000, wato jikka saba'in. Da ya sake buɗewa sai ya tarar da 4,464. Ya goge ya sake, haka. Ya fara zargin yaron shagonsa.

Malam Habu: Subhanallahi. Ka ga inda abu yake zama babba, ana shirin ɓata sunan bawan Allah. Ni da ka faɗi 4,464 ɗin nan na riga na ji ƙamshin inda matsalar take, amma ba zan riga ka ba.

Zaliha: Ni ban ji ƙamshin komai ba. Me ya hana ka buɗe rubutun manhajar ka gyara?

Mahamadu: Babu rubutun, Yaya. Fayil ɗaya ne mai ƙarewa da exe. Malam, kai ka fi ni iya bayanin wannan.

Malam Habu: Mai rubuta manhaja, a ce da harshen C, yana raɗa wa kowane abu suna: wannan farashi, wannan adadin kaya. Sai ya miƙa wa kwamfaila, ita kuma ta niƙe shi ya koma lambobin da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke fahimta. Sunayen nan yawanci a nan suke zubewa. Kamar gero ne da aka sussuka, aka surfa, aka daka, aka kirɓa fura. Ba mai mayar da fura zangarniya. Amma mai harshe in ya kurɓa zai gaya miki akwai citta, akwai kanumfari, har ya ce an cika barkono. Aikin da Mahamadu ya yi ke nan: ya ɗanɗana har ya gano abin da aka zuba.

Zaliha: Da wane harshen ya ɗanɗana?

Mahamadu: Da dibaga, manhajar da ke riƙe wata manhaja tana sa ta tafiya taku ɗaya ɗaya. Na yi aiki da x64dbg tunda Windows ce. Tana buɗe fayil ɗin sai allo ya cika da harshen asambili, wato umarnin firosesa a rubuce: mov, cmp, call, jmp, layi dubbai. Daren farko kaina ya yi zafi, don na ɗauka daga sama zan karanto har ƙasa. Kuskure ne. A dare na biyu na tuna cewa duk rubutun da manhaja ke nuna wa mutum yana nan kwance a cikinta. Na nemi kalmar da ke saman akwatin farashi, da Faransanci take, na ga wurin da ake kiranta, na kafa shinge a ƙasa kaɗan.

Zaliha: Shinge kamar na jandarma a hanyar Doso?

Malam Habu: Kin kawo misali daidai. Kuma yadda ake kafa shi abin sha'awa ne. Dibaga tana ɗauke bayit na farko na umarnin, wato lambarsa ta farko, ta ajiye shi gefe, ta sa CC a gurbinsa. CC ɗin nan umarni ne da ake kira INT 3. Firosesa na isowa kansa sai ya ja birki ya miƙa wuya. A lokacin sai ka caje aljihunsa son ranka.

Mahamadu: Aljihun su ne rajista, 'yan ma'ajiyoyi a cikin firosesa kansa. Na rubuta 70000, na danna, manhajar ta tsaya cak. Na duba rajistar EAX na ga 11170. Wannan ƙirgen sha shida-sha shida ne, in aka juya shi 70,000 ne cif. Ke nan kuɗin ya shigo lafiya. Na danna F8, maɓallin da ke matsar da ita taku ɗaya: layi ɗaya, layi biyu. A na uku na ga umarnin mov yana kwashe AX zuwa ma'ajiya, ba EAX ba. AX rabin EAX ne na ƙasa, bit 16 kacal, wato bayit biyu. Lamba 1 da ke farkon 11170 ta faɗi, saura 1170. Na juya shi a kalkuleta: 4,464. Wallahi tsigar jikina ta tashi, ƙarfe uku na dare, ni kaɗai a ɗaki.

Malam Habu: Bit 16 ba ya ɗaukar abin da ya wuce 65,535. Cire 65,536 daga 70,000 ki gani. Yaron da ya rubuta bai zaci wani kaya zai kai wannan kuɗi a shagon ba. Kuma sunayen nan tarihi ne: AX tun daga firosesa 8086 na Intel a 1978 yake, da 80386 ya zo a 1985 aka faɗaɗa shi ya zama EAX. Kada ma ku raina yaron. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta, saboda an cusa lamba mai bit 64 cikin ma'ajiya mai bit 16.

Zaliha: Ikon Allah. To sai ka mayar da AX ya zama EAX, magana ta ƙare?

Mahamadu: Hannuna har ya kai, na fasa. A fayil ɗin da ake ajiye kayan, bayit biyu aka yanka wa farashi, maƙwabcinsa kuma adadin kaya ne. In na rubuta bayit huɗu zan taka adadin, lissafin shekaru ya dagule. Da safe na yi wa Kawu bayani. Ya yi shiru, sai ya ce, to mu da muke ciniki da dala, me ya kai mu rubuta sefa? Dala sefa biyar ce. Batirin ya koma dala 14,000, iyakar manhajar ta tashi zuwa sefa 327,675. Ban taɓa ko bayit ɗaya ba. Kafin azahar ya kira yaron shagon ya ba shi haƙuri a gabana.

Zaliha: Wannan ya faranta min rai. Amma bari in faɗi abin da ke cina. Ba da wannan ilimin ne ake fasa manhajar kuɗi a sayar da ita a kile ba?

Malam Habu: Da shi ne, ba zan ɓoye ba. Manhaja na gwada lambar lasisi da umarnin cmp, sai umarnin tsalle ya biyo. Lambar 74 na nufin tsallaka in sun yi daidai, 75 na nufin tsallaka in sun saɓa. A manhaja mai rauni, wannan bayit ɗin ne ƙofar. Ni dai ba na koya wa ɗalibina ya ci gumin wani. Kuma fasassun manhajojin nan da ke yawo hannu da hannu, sau da yawa da ƙwayar cuta a cikinsu suke zuwa. Wa zai gano ta in ba mai karanta asambili ba? A Mayun 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har da asibitocin Ingila. Wani matashi ɗan Ingila, Marcus Hutchins, yana da shekara 22, yana nazarinta ya ga tana neman wani adireshin intanet da ba mai shi. Ya yi rajistarsa da kuɗi kaɗan, yaɗuwar ta tsaya. Irinsa nake so mu samu a Jami'ar Abdou Moumouni da ta Tawa.

Zaliha: Mai son farawa fa, da me zai fara?

Malam Habu: Da nasa. Ya rubuta layi goma na C mai tambayar kalmar sirri, ya niƙa, ya buɗe da dibagar GDB, wadda Richard Stallman ya fara tun 1986, kyauta take. In ya ga yadda tunaninsa ya koma asambili, sai ya matsa ga Ghidra, manhajar nazarin irin wannan fayil, wadda hukumar tsaro ta NSA ta Amurka ta saki kyauta a 2019. Akwai kuma 'yan manhajojin da aka yi musamman don a fasa su a koya, ana ce musu crackme.

Zaliha: To mako mai zuwa zan zo da kwamfutata. Mahamadu, kai za ka rubuta kalmar sirrin, kada ka gaya min, ni zan nemo ta a nan masu sauraro na ji.

Mahamadu: Na yarda, Yaya. Amma a bar ni in yi barci tukuna.

Zaliha: Je ka huta. Masu sauraro, sai Allah ya kai mu.